Ranar da Na Wanke Tandar Inna

Shekaru sun goge abubuwa da dama daga zuciyata, amma ranar da na wanke tandar mahaifiyata ba ta cikinsu, kuma ba na zaton za ta goge har in koma ga Mahaliccina.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, sana'arta sinasir. A unguwarmu da ke bayan garin Funtua, da wuya a yi suna ko walima ba a aiko mata da shinkafa ba. Tandarta ba ta ƙasa ba ce irin ta sauran mata. Faffaɗan ƙarfe ne mai kauri, shafaffe, wanda mahaifina ya samo a wurin gurzar auduga inda yake aikin ƙarfi, ya kai wa maƙeri ya daidaita shi, ya kawo mata a shekarar da suka yi aure. Sinasir shida take ɗauka a zubi ɗaya. An girka ta a kan murhun laka, ƙarƙashin rumfar kara a bayan ɗaki, kuma tun da na buɗe ido na gan ta baƙa ƙirin, tana sheƙi. Ban taɓa tambayar dalilin baƙin ba. Na ɗauka haka ƙarfe yake komawa idan ya tsufa.

A shekarar da abin ya faru, na kammala digiri a ilimin ƙananan halittu, na gama hidimar ƙasa, ina zaune gida ina jiran aiki. Da faɗuwar damina Inna ta kwanta ciwo, muka kai ta asibiti. Da na dawo ɗaukar mata kaya da rana, sai na ga hadari ya haɗo, na kuma san rumfar tana yoyo. Tandar tana nan yadda ta bar ta, da maiƙo da ɗan ɓurɓushin ƙullu a gefe, domin ciwon bai bar ta ta gyara ba. Na ɗauko ledar da muke rufe buhunan masara, na naɗe ta sama da ƙasa, na ɗaure da igiya, na danne da duwatsu. Na tuna har tsayawa na yi ina kallon aikina da gamsuwa, ina cewa a raina idan ta dawo za ta yaba.

Ba ta dawo ba. Mako uku ta yi a gadon asibiti, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan rasuwarta Baba ya zama kamar ba shi ba. Yana zaune a zaure da carbi, a kai masa abinci a ɗauko kusan yadda aka kai. Bai nemi komai a wurin kowa ba, sai da sadakar arba'in ta matso ya kira ni.

Ya ce, "Abu ɗaya nake so. Sinasir ɗin sadaka, a tandarta za a yi shi. Na aika wa gwaggonka a Kafur, ita ta san hannunta. Ka duba mata wurin kafin ta iso."

Na ce, "An gama, Baba." Har daɗi na ji, domin karon farko ke nan da ya ambaci abinci da bakinsa.

Saura kwana uku na je na kwance igiyar. Lokacin tsakiyar marka ne, rana ba ta cika fitowa ba. Da na ɗaga ledar, wani wari mai ɗumi ya buge ni, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Cikin ledar duk raɓa ce. Tandar kuwa ba a ganin fuskarta: fumfuna ta lulluɓe ta, fara kamar auduga a tsakiya, kore da toka-toka a gefe, ta bi har ƙasan ƙarfen. Ledar da na sa don ta hana ruwa shiga, ita ta hana danshi fita, wata biyu cur.

Nan take karatuna ya taso mini. Na tuno irin gubar da wasu nau'o'in fumfuna ke bari a masara da gyaɗa, na hango malamai da maƙwabta suna cin abin da aka soya a kanta. Tsoro ya kama ni, kunya kuma ta fi tsoron, domin ni na jawo. Na yanke shawarar gyara ɓarnata kafin kowa ya gani. A gidan da ke jikin namu akwai tsohuwar da ta shekara ashirin tana taya Inna aiki. Taku goma ne tsakanina da ita. Ban je ba.

Na ɗebo garin sabulu da soson ƙarfe da yashi, na durƙusa tun hantsi har la'asar. Fumfunar ta fita tun a wankin farko. Abin da ya ƙi fita shi ne baƙin, ni kuma na riga na ƙudurta cewa a cikinsa saiwarta take. Washegari na ɗora tandar a keke mai ƙafa uku na kai wa wani mai walda, na ce ya sa mata injin goge ƙarfe.

Ya shafa ta da tafin hannu, ya dube ni. "Malam, ka tabbata? Wannan fa kayan aikin mata ne. Masu ita sun sani?"

Na ce, "Na tabbata. Fannina ne."

Ya ce, "To, ai ku ne masu ilimi." Ya kunna inji. Ina tsaye baƙin yana tashi kamar ƙura yana sauka a kan takalmina. Cikin ƙanƙanin lokaci ta koma fara fat, har ina ganin inuwar fuskata a ciki.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta iso ana gobe sadaka, wajen azahar. Ko ruwa ba ta sha ba ta zagaya bayan ɗaki, ina biye da ita. Ta tsaya cak.

"Kai ɗan boko, ina tandar Yaya?"

"Ga ta nan, Gwaggo. Fumfuna ta yi, shi ne na tsabtace ta." Na fara yi mata bayanin ƙwayoyin da ido ba ya gani. Ta ɗaga mini hannu.

"Don fumfuna ka yi wannan? Innalillahi! Ai wuta ce maganinta. A hura mata itace ta ɗau zafi sosai, a kankare da sakaina, a zuba gishiri a murza, a shafa mai. Kafin la'asar an gama. Wa ma ya ce ka ɗaure ta da leda kamar kifi? Iska take so."

Na ce, "To baƙin fa?"

Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. "Baƙin ai shi ne tandar, ɗan nan. Man gyaɗa ne, shafa kan shafa, wuta kan wuta, shekara talatin. Shi ke hana ƙullu kamawa. A gidan nan ka tashi. Ka taɓa ganin ta kai mata sabulu?"

Ban taɓa gani ba. Na sha ganin Inna, bayan ta sauke zubin ƙarshe, tana bin ƙarfen da tsumma mai maiƙo tun yana da zafi, a natse, kamar mai shafa kan jariri. Na gani fiye da sau ɗari, ban taɓa fahimtar cewa aiki take yi ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, batun cewa zafi yana kashe fumfuna yana cikin littattafan da na haddace. Sanin yana kaina, bai amfane ni da komai ba.

Gwaggo ba ta ƙara faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta ɗaura ɗankwali a ƙugu, ta ce in kawo itace. Daga azahar zuwa magariba tana shafa mai tana ƙonawa, har sau bakwai. Ƙarfen ya ɗan yi ja-ja, dabbare-dabbare, nan duhu can haske. Ta goge gumi ta ce, "Mu gani da safe." Muryarta ba ta da ƙarfi.

Da safe ƙullun ya tashi yadda ake so. Malamai da maƙwabta sun fara zama a tabarmi a ƙofar gida. Gwaggo ta yi bisimilla, ta zuba shida, ta kife musu murafe. Da ta buɗe, fuskarsu ta yi kyau, fari da ƙananan huji. Ta sa cokali za ta ɗaga na farko, ya kama ƙarfen ya yage. Na biyu ma haka, har na shida. Ta kankare, ta ƙara mai, ta rage wuta, ta sake zubawa. Haka. A zubi na uku ta ajiye cokalin, ta leƙa ta katanga ta kira tsohuwar nan, ta ce a taimaka da tandunan ƙasa. Matan unguwa suka raba ƙullun a tsakaninsu. An yi sadaka, an yi addu'a, kowa ya ci, babu baƙon da ya san wani abu ya faru.

Bayan an watse Baba ya zagayo bayan ɗaki, abin da bai yi ba tun ranar jana'iza. Ni kaɗai ne a wurin, ina kankare ƙullun da ya ƙone. Ya daɗe yana kallon ƙarfen, inda farinsa ke leƙowa ta ƙarƙashin ɗan man da Gwaggo ta ƙona.

Ya ce, "Ina tandar?"

Na ce, "Ita ce wannan, Baba."

Ya girgiza kai a hankali. "A'a. Wannan ƙarfen da na kawo mata ne." Ya sa yatsa ya taɓa gefensa. "Haka yake ranar da na kawo shi."

Bai zage ni ba, bai tambayi yadda aka yi ba. Ya juya ya koma zaure. An ajiye masa sinasir ɗin maƙwabta a kwano, har yamma bai buɗe ba. Shekara uku ya ƙara a duniya, ban sake ganinsa a ƙarƙashin rumfar nan ba.

Tandar tana wurina har yau. Duk Juma'a nakan hura mata wuta in shafa mata man gyaɗa, in bar ta a buɗe. Ta fara duhu, ƙwai ma ba ya kama ta yanzu. Amma baƙin da ke kanta nawa ne, na Inna ya tafi a ƙurar shagon mai walda.

Abin da na koya shi ne, kafin in sa hannu in gyara abin da wani ya shekara yana aiki da shi, sai na tambayi wanda ya san shi, ko da tambayar za ta tona kuskurena. Fumfuna ta yi wata biyu a kan tandar nan ba ta raba mu da komai ba. Ni na raba mu da ita, cikin yini biyu, da kyakkyawar niyya da kunyar taku goma.