Ɗakunan Tarcísio

A ofishin lafiyar da Dona Zuleide Barbalho ta yi shekara talatin da biyar tana aiki a birnin Recife na Brazil, ba a taɓa riga ta zuwa ba. Ƙarfe shida da rabi tana kan kujera da kofi da kuskus ɗin masara, tana jiran babbar kwamfuta ta farka. Abokan aiki sun ɗauka ƙwazo ne, ita kuwa layi ɗaya tak take zuwa karantawa.

Zuleide 'yar COBOL ce, tsohon yaren kwamfutar nan da ke yin aiki ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince wake. A 1994 shugabansu ya dawo daga wani taro da sabon yayi a bakinsa: a daina rubuta dogon jerin umarni, kowane yaro da ke cikin rajistar rigakafi ya zama abu mai zaman kansa, da bayanansa da ayyukansa. Yaren nasu bai san wannan ba, kuɗin sayen sabo kuma babu. To, da babu gara ba daɗi. Zuleide ta zauna ta ƙirƙiri dabara, ta gina wa manhajar rajistar ɗakuna 9,999. Yaro ya zo asibiti, a buɗe masa ɗaki, a tambaye shi shekarunsa, a rubuta allurarsa, a rufe. Matsalar ɗaya ce: a yarukan zamani na'ura ce ke share ɗakin da aka gama da shi, a nata kuwa wanda ya buɗe shi zai rufe da hannunsa, in ba haka ba yana nan har abada.

Kowace safiya manhajar kan gwada kanta da yaro ɗaya na gwaji kafin ta karɓi na gaske. Masu wannan sana'a ba sa wahalar ƙirƙirar suna, na gida suke sawa. Ta sa ɗanta Tarcísio, mai shekara uku, da ainihin ranar haihuwarsa.

Yana da shekara bakwai ruwan watan Yuni ya cika unguwarsu, ya tafi da shi a hanyar makaranta. Da ta dawo aiki, allo ya gaishe ta da abin da ya saba: TARCISIO, shekara 7, lafiya. Layi na gaba shi ne mai rufe ɗakin. Ta kasa jure ganinsa. Ta ɗora alamar tauraro a gabansa, wadda ke sa na'ura ta tsallake layi kamar babu shi. Tun daga ranar, kowace safiya ana buɗe wa Tarcísio sabon ɗaki, ba a rufewa. Na'ura ba ta san mutuwa ba, lissafi kawai ta sani. Ya kai sha biyar, ya kai ashirin, ya wuce shekarun da ubansa ya aure ta, kullum lafiya.

Kada a ce ba ta san abin da take yi ba. Ta sani sarai, har ta lissafa cewa za ta yi ritaya kafin ɗakunan su ƙare. Sai aka roƙe ta ta ƙara shekaru, don matasa ba sa son COBOL, ita kuma ba ta da wani wurin da ake ce mata ɗanta na lafiya. Wani lokaci takan ji kamar gida ne mai dogon zaure, yara masu fuska ɗaya cike da shi, kowa na zaune a ɗakinsa yana jiran a kira shi. Tsoro takan ji, amma gobe ta dawo.

Ranar wata Asabar ta gangamin rigakafi, shekara ashirin da shida bayan ruwan, manhajar ta ƙi karɓar yaro ko ɗaya da misalin ƙarfe tara, ɗakunan sun ƙare. Waya ta dinga ƙara. Iyaye mata na tsaye a rana da jarirai, ma'aikatan jinya ba sa iya ganin wa aka yi wa wace allura, wasu har sun fara juyawa gida.

Seu Valdemiro, abokin aikinta tun kafin ya yi sanƙo, shi ya tsaya wa Tarcísio a matsayin uba ranar baftisma a coci. Da farko tsokana ya fara, wai tsohuwar motar Dona Zuleide yau ta nemi turi. Sai ya buɗe jerin ɗakunan, ya yi ta gangarawa, suna ɗaya ne ba ya ƙarewa. Dariyar ta tsaya masa. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

"Zuleide, tun yaushe?"

"Tun ranar da na dawo."

Bai yi mata faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya ce ta je ta sha ruwa, shi zai rufe su, ba wanda zai ji.

"A'a, Miro. Ni na buɗe. Matsa."

Ta cire tauraron, ta rubuta layi biyar da za su bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya suna rufewa. Ta manta cewa ita da kanta ta tsara mai rufewar ya nuna suna da shekaru kafin ya rufe. Da ta danna, sai ga shi yana gudu a allo: bakwai, bakwai, takwas, goma sha biyu, ashirin, talatin da uku. Girman da ba ta gani da ido ba ya wuce ta gabanta cikin sakan huɗu.

Wayar ta yi shiru. Ɗaki na farko ya buɗe wa wata jaririya 'yar wata biyu, aka yi mata allura, ya rufe. Valdemiro ya tambaye ta a hankali ko a canza sunan yaron gwajin. Ta ce a bar shi.

Ran Litinin ƙarfe shida da rabi tana kan kujera. Allo ya ce Tarcísio na lafiya. Wannan karon ba ta kau da kai ba, ta tsaya ta karanta layi na biyu, mai rufe ɗakin, sannan ta ɗauki kofin da ya riga ya huce.