Motar da Na Cire wa Kujerar Gaba

Shekarun baya can, tsakiyar shekarun saba'in, tun garinmu bai sallama sunan Abuja ya koma Suleja ba, aka yi wa ma'aikata wani ƙarin albashi da ya sa kowa ya fara tafiya yana buɗa hammata. Ina koyarwa a lokacin, saurayi, na tara suma kamar kwando, ga wando mai faɗin ƙafa yana share titi. Abokan aikina wasu suka sayi babur, wasu rediyo mai kaset. Ni kuwa mota nake so, kuma ba kowace mota ba, irin mai ƙofa biyun nan mai dogon hanci, wadda in ta wuce sai an waiwaya. Sabuwa ta fi ƙarfina, don haka na shiga neman ta hannu.

Sai dai ba gayu kaɗai ke raina ba. Ni ɗan fari ne, kuma yaran yanzu da wuya su gane abin da wannan ke nufi a wancan zamani. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta cin abinci a gabana, ba ta zama tabarma ɗaya da ni. Tun da aka yaye ni yayarta, wadda nake kira Inna, ta ɗauke ni ta riƙe a unguwar Kurmin Sarki, mahaifiyata kuma tana gidanmu na unguwar Wambai. In na je gaishe ta, ina durƙushe a gabanta za ta dubi ƙanwata ta ce, "Tambayi wannan ko ya ci abinci." Ba ƙi ba ne, kunyar ɗan fari ce, ita dai ta riƙe tata da ƙarfi fiye da sauran mata.

Wannan matar ce kuma, bayan rasuwar mahaifinmu, ta yi ta hawa akori-kura, motar katakon nan, tana kai daddawa da tukwane Kaduna har na gama makaranta. A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen ne karen mota ya buga jikin mota, direba ya ja tun ƙafarta na kan matakala, ta faɗo a kan gwiwa. Tun daga nan ƙafar ba ta lanƙwasuwa sosai. Ga shi tsohuwarta, kakarmu, tana Zariya ta tsufa tukuf, kuma mahaifiyata ba ta yarda a jima ba ta je ta gan ta ba. Duk ranar da na ga ana tura ta ana jan ta kafin ta hau motar nan, abinci ba ya min daɗi. Na yi wa kaina alkawari ba za ta sake hawa ba. Abin da ban sani ba shi ne ko za ta yarda ta shiga tawa.

Wanda ya taya ni yawon neman mota abokina ne, malamin lissafi, mutumin wajen Kafanchan, Kirista, ɗakinsa na jikin nawa. Shi ma ba shi da ko keke, amma in yana bayanin inji sai ka rantse a cikinsa aka haife shi. Motoci uku muka samu.

Ta farko ja ce wur, kujera biyu kacal, rufinta na tamfol. Ta wani Bature ce mai aikin hanya da ke zaune wajen Madalla, zai koma ƙasarsu. Da ya ba ni na ɗana ta, kafin in gama bismilla na ga Dutsen Zuma ya koma bayana. Abokina yana gefe yana ihu, iska na cika masa baki, "Malam, wannan ita ce mota! Sauran duk amalanke ne!" Wallahi a ranar na manta da kowa. Ban ga yadda allurar mai ke sauka kamar rana da la'asar ba, ban ji yadda cikinta ya gurji ƙasa a ɗan tudun da muka hau ba, ban ma damu da Baturen ya ce kayan gyaranta sai an aika Ikko ba.

Ta biyu fara ce mai ƙofa huɗu, ta wani tsohon akawu. Ba ta shan mai, ga fili, amma in ta zo hawa sai ka ji tausayinta. Abokina ya zagaya ta sau ɗaya ya ce, "In ka sayi wannan, gobe yara za su fara ce maka Baba." Ni ma zuciyata ba ta kwanta ba, duk da na san ita ce ta masu hankali.

Ta uku shuɗiya ce ƙirar Japan, ƙofa biyu, amma da kujerar baya. Wani malami Ba'indiye ne zai sayar a Kaduna. Ba ta kai jar gudu ba, amma in ka taka ta tana amsawa ba gardama. Mun je Kaduna a motar haya, muka gwada ta har hanyar Zariya muka dawo, allurar mai da ƙyar ta motsa. Tana da ɗan tsayi daga ƙasa, kayan gyaranta kuma ga su nan a kasuwar Panteka.

Duk da haka jar ce a raina. Na ce wa abokina damuwata kujera biyun nan ce. Ya ce, "To mene ne? Mama ta zauna a gaba kusa da kai mana, kamar matar gwamna. A wajenmu uwa ai da haka za ta yi alfahari." Na san ba haka abin yake a gidanmu ba, amma mai son abu ba ya rasa fatawa. Na aiki ƙanwata ta shaida wa mahaifiyata, ta kwatanta mata motar. Amsar da ta dawo da ita gajeriya ce: "Ta ce Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Ta ce ita akori-kura ba ta kashe ta ba tukuna."

 Na tafi wajen Inna, don ita ba kunya tsakaninmu, ga shi jikinsu ɗaya da ƙanwarta, har ciwon gwiwar ita ma tana taɓawa. Na roƙi Baturen ya ba ni jar na kai ƙofar gida. Inna ta fito ta dube ta, ta dube ni.

"Ina sauran?"

"Sauran me, Inna?"

"Sauran motar. Ko rabi ka saya?"

Da lallashi ta shiga. Tana zama ta nutse, gwiwoyinta suka kusa taɓa haɓarta, fitowa kuwa sai da maƙwabciya ta kama min. Da ta samu ta miƙe ta gyara mayafi ta ce, "Kai yanzu don Allah, matar da ba ta haɗa tabarma da kai ba tun da ta haife ka, ita ce za ta zauna kafaɗarku na gogar juna daga nan har Zariya? Boko dai bai ƙara maka komai ba sai gashi."

Na mayar wa Bature motarsa ina waiwayenta. Saura biyu ke nan, ta akawu da shuɗiya, kuma kowa ya ce in haƙura in ɗauki mai ƙofa huɗu. Ni kuwa na ƙi cire rai. Na shawo kan Ba'indiyen ya zo da shuɗiyar har Abuja ranar Asabar, na sake ɗauko Inna. Aka kwantar da kujerar gaba ta sunkuya ta shiga baya. Ta zauna, ta yaba laushi, amma ta ce, "Ni na shiga da ƙyar, ita ba za ta iya ba. Kuma ina za ta miƙe ƙafar? Wannan kujerar ta gaba ta tokare ko'ina, sai ka ce ita ta sayi motar."

Ina tsaye ina kallon kujerar, sai na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta. Kusoshi ne kawai ke riƙe da ita. Na tambayi Ba'indiyen ko tana fita, ya ce tana fita mana, amma wa zai so haka? Na ce ni. A ranar muka gama ciniki, washegari makaniki ya kwance ta, na kai ta ɗakina na jingine. Sai ga fili fetal daga ƙofa har kujerar baya, mutum ya shiga a sake, ya zauna ya miƙe ƙafa yadda ya ga dama. Na sa aka shimfiɗa ɗan kilishi a wajen.

Abokina ya kusa kuka. "Malam, kujerata ce fa ka cire! Kuma budurwa fa? A ina za ta zauna?" Samarin unguwa su ma suka samu abin yi, suka sa mata suna Gwauruwa, wai motar da ba ta da mazaunin budurwa. Na bar su suna dariya, don ni hankalina na kan ranar da za a je Zariya.

Ranar ta zo. Da hantsi na shiga da motar lungun Wambai, ba ta gurji ƙasa ko sau ɗaya ba, na tsaya a ƙofar gida na buɗe ƙofa na koma gefe.  Mahaifiyata ta fito da ƙullin tsarabarta, ƙanwata na biye. Ba ta dube ni ba. Ta zagaya motar a hankali tana ɗingishi, ta zo ƙofa ta leƙa, ta daɗe tana kallon wajen da babu kujera.

"Tambayi wannan, haka aka sayar masa da ita?"

Ƙanwata ta ce, "A'a Iya, shi ya cire, saboda ƙafarki."

 Ta gyara bakin mayafinta, ta sake gyarawa, sannan na ji ta yi bismilla. Ta shiga ba wanda ya tura ta ba wanda ya ja ta, ta zauna ta miƙe ƙafar a kan kilishi. Na zagaya na shiga mazaunina da sauri don kada a ga idona.

Na kama hanya ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Motar tana son gudu ina danne ta. Mun wuce Tafa ke nan muka cim ma wata akori-kura a hawa, ta cika maƙil da mutane da doya, tana tafe tana zuba mana hayaƙi. Na gane ta da fentinta, ita ce dai wadda ta yar da mahaifiyata, karen motar ma yana laƙe a baya yana ɗaga mana hannu wai mu haƙura. Na rage gudu na bi bayanta, don ban isa in yi tsere ina ɗauke da mahaifiyata ba.

Sai na ji murya daga bayana.

"Kai. Ba an ce tana da gudu ba? Wuce shi."

Ƙanwata, saboda sabo, ta fara, "Yaya, Iya ta ce..."

"Ya ji ni."

Jama'a, na duba gaba na ga hanya fayau, na sauke giya na taka. Shuɗiyar nan ta yi wani gurnani ta miƙe, akori-kura ta koma baya kamar an ɗaure ta a gindin bishiya. Ta madubi na ga mahaifiyata ta juya tana kallonta har ta ɓace, ta sa mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Dariya take yi. Ni kuwa hawaye ne ke zuba, ina tuƙi ina sharewa da hannun riga.

Na riƙe motar nan shekaru masu yawa. Ba ta taɓa cinye min albashi a gidan mai ba, kuma ta kai mahaifiyata Zariya har kakarmu ta koma ga Allah. Abokina ya haƙura ya riƙa zama a baya yana miƙe ƙafa, har ya ce ya fi jin daɗin haka. Matar da na aura ma a baya ta fara zama, kuma daga baya ta ce abin da ya sa ta amince da ni ke nan.

Har yau in yaro ya zo yana tambayata wace mota zai saya, nakan ce ya duba gudu, ya duba mai, ya duba kayan gyara, amma kafin duk wannan ya san wa zai ɗauka a ciki. Na hau motoci da yawa bayanta, wasu sun fi ta komai. Mahaifiyata kuwa har ta rasu ba ta kira sunana ba, kuma ban taɓa jin ciwon haka ba. Ta dai ce min "kai" a hawan Tafa, kuma na ji ta.