Jan Rubutun da ke Katin Lawan

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Lawan. Direba ne, yana ɗaukar shanu daga kasuwar Maigatari zuwa Kudu. A can ya koyo shan hodar iblis, har ta raba shi da motar.

Ni na kai shi asibiti daga Gumel. Bayan an duba shi, wata ma'aikaciyar asibitin ta kira ni gefe. Ta tambaye ni ko yana da aiki, da wanda yake kwana da shi, da wanda zai riƙa rako shi. Na ce ai babba ne, zai zo da kansa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta yi rubutu da jan biro a bayan katinsa.

"Malam, ka iya karatu?"

"Na iya," na ce. Kunya ce ta sa na yi ƙarya. Kunyar ce kuma ta hana ni nuna wa kowa katin, don a unguwa mun ce gyambon ciki ke damunsa.

Ranar komawarsa asibiti Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, inda nake sayar da igiya. Sau uku ya je shi kaɗai. A ta huɗu na gan shi a kasuwa tare da tsofaffin abokansa. Ya ce, "Yaya, na warke, dubi ƙibar da na yi." Na yi murna har na saya masa tsire. Wata biyar bayan nan muka binne shi.

Bara na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da Lawan na nan, da ya yi dariya ya ce, "Yaya, da furfurarka kake riƙe fensir?" Da na fara haɗa baƙi, na ɗauko katin daga ƙasan akwati. Kwana biyu na yi kafin na gama layi biyu: "Irinsa kan bar magani idan ba mai rako shi. Ranar da ya ce ya warke, a kawo shi."

Ashe ma'aikaciyar ta hango. Ni da muka fito ciki ɗaya ban hango ba.

Yanzu akwai wani maƙwabcina da nake rakawa asibiti duk Alhamis, rumfata a rufe. Mutane na cewa ina da haƙuri. Ba su san Alhamis ɗin Lawan ce nake ta zuwa a makare ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mini.