Mukayyif Ɗina a Situdiyo

Ni ba mai fita ba ce. A unguwar Nuzla ta Jidda aka haife ni, kuma sai in yi wata ban wuce bakin layinmu ba. Karatu ma ban yi nisa ba. Kunne dai Allah ya ba ni: motar ruwa in ta shigo layi, daga ƙararta nake sanin direban.

Ƙanena walda yake yi. Bayan la'asar shi da abokansa, su huɗu, sukan taru a ɗakina na baya da jita da ganguna. Irin kiɗan rok ɗin nan suke yi mai jan sauti, jita tana kuka tana amsa-kuwwa kamar daga cikin rijiya, har kai ya riƙa juyawa. Sai in yanka albasa in soya, waƙa ɗaya ba ta ƙare ba. Shekara uku ina jin su ta bango.

Akwai wata ƙungiya a unguwar Madain Fahd mai irin kiɗan, kullum cewa suke su ake kwaikwaya. Sun daɗe suna zawarcin mai gangar ƙanena, don hannunsa ba irin na kowa ba ne. A gabana ya ce wa ƙanena, "In faifan nan bai yi kyau ba, halas, shi ke nan, na koma wajensu." In ya tafi kuwa, ƙungiya ta watse.

Su ƙanena suka kama situdiyo na kwana uku. Ranar farko ƙanena ya dawo fuska a murtuke, ya kunna mini abin da suka ɗauka a wayarsa.

"Yaya, saurara. Ba kuskure ko ɗaya, amma kamar gawa."

Na saurara, na ce ya sake. Na tashi, na zauna, na kuma tashi. Waƙoƙin nan na san su kamar tafin hannuna, amma ƙarƙashinsu fayau, ba abin da ya riƙe su.

Na ja shi ɗakin baya na kunna mukayyif, tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki da ke cikin bango tun babanmu yana da rai. Mukayyif ya yi tari, ya kama gurnaninsa.

"Ɗauki jitarka ka kaɗa."

Ya kaɗa. Sautin ya zauna daram a kan gurnanin. Ashe shekara uku da wannan gurnani suke daidaita jitarsu, a kansa suka gina kowace waƙa ba su sani ba. Situdiyo kuwa shiru yake tsit.

Washegari da hantsi sai ga su da motar ɗaukar kaya.

"Yaya, mukayyif za ki ara mana mu kai situdiyo, kwana biyu kawai," in ji ƙanena.

"A zafin nan? Gasa ni za ku yi ku ci da burodi?"

"Yalla, ɗaga," in ji mai ganga, ko dariya bai yi ba.

Suka bar mini rami a bango. Kwana biyun nan ban iya zama ba. In shiga kicin in fito, in leƙa ramin, in koma. Na ƙona shinkafa. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Hajiya, ɓarayi ne?" Na ce, "Na gida." Na kira ƙanena ya fi sau goma, waya a kashe. Ɗan maƙwabciyar kuma ya kawo labari cewa na Madain Fahd sun ji, har sun aika musu saƙo wai su ɗauki firiji ma ya yi musu amshi. In kunnena ya yi ƙarya fa? Na mai da ƙanena abin dariya a Jidda, mai ganga ya tafi, kuma da bakina.

Rana ta uku bayan la'asar na ji mota ta tsaya. Suka shigo da mukayyif, ƙanena a gaba, mai ganga a baya, gumi sharkaf. Na dubi fuskokinsu ban karanta komai ba. Suka dire shi. Mai ganga ya share goshi, ya ce:

"Yaya, ran Asabar ɗakin nan ba kowa? Akwai sababbin waƙoƙi biyu da nake so mu fara."

Na zauna a kan buhun shinkafa.

"Ku mayar mini da shi bango tukuna," na ce.