Ba Mai Cire Lami Daga Wayata

Ni ban san shekaruna da lissafin takarda ba, kuma ban ga abin da na rasa ba. An yaye ni a daminar da tsawa ta tsaga kukar bakin kasuwarmu. Haƙoran gabana sun zube a shekarar da rijiyar gidan Sarkin Noma ta rufta da guga a ciki. Lokacin rediyo bai shigo garinmu ba, mai zuwa Bici kuwa jakinsa ne motarsa. Zainabu jikata ce riƙe da alƙalami, ni ke faɗa. Na ce mata in ta gyara mini magana, Allah yana gani.

Daga ruftawar rijiyar nan har aka kai ni ɗaki, ban san wata makarantar dare ba sai gaban kakata, Iya Dije. In an ci tuwo an wanke hannu, sai a hura wutar kara a tsakar gida, mu binne gyaɗa a toka, ita kuma ta zauna da mazarinta tana kaɗi. Kusa da ni kullum Lami ce. Gidansu na Maguzawa ne a lokacin, daga baya suka shiga coci, gonarsu da tamu kunya ɗaya ce ta raba. Ba wanda ya taɓa ce mata ta tashi.

Iya ba ta fara tatsuniya sai ta buga mazari a gwiwa ta ce, "Ga ta nan tafe, mai kunne ya matso. Wanda ba zai yi amshi ba ya je ya kwana da awaki." Don tatsuniyarta ba ta rabuwa da waƙa, waƙarta kuma ba ta tafiya da ƙafa ɗaya.

Wadda ta fi zama mini ita ce ta Hansai. Hansai 'yar fari ce, uwarta na da wani tsagaggen turmi. Turmin kowa yana cewa dum, nata yana cewa ƙwas, yarinyar har kunyarsa take ji a gaban ƙawaye. Wata rana ta shiga gonaki tsinkar yakuwa, dawa ta fi kan mutum, rana ta faɗi, hanya ta ɓace mata. Ta ko'ina daka take ji, don ƙasarmu gida na jin tarin gida. Sai ta ce bari ta bi wanda ya fi daɗi. Ta bi wani lugude mai taɓarya uku, da muryoyi kamar zuma. Ta tarar da mata masu kyau suna daka, ta leƙa turmin, ko ƙwayar gero babu. Suka ce zauna ki taya mu. Ta amsa baiti ɗaya, ta manta hanyar gida. Ta amsa na biyu, ta manta fuskar ubanta. Saura sunanta kawai.

A gida kuwa uwa na tsaye a bakin ƙofa. Maƙwabta suna cewa, "Ki ƙwala mata kira mana!" Ta buɗe baki, ya ƙi. Ina uwa ina kiran sunan 'yar fari? Sai ta jawo tsagaggen turminta ta zuba gero ta hau daka, ƙawarta ta tsaya a gefe ta ɗaga murya:

"Turmi tsagagge, faɗa wa Hansai,
Uwa ba ta kira, tsaye take."

Mu kuma mu amsa, "Ga ni nan tafe!" har kaji su motsa a akurki. Hansai ta ji ƙwas, ƙwas, ta ji sunanta a bayansa, ta yar da taɓaryar mutanen nan ta bi mummunan sautin har ƙofar gidansu.

Na taɓa cewa, "Iya, ai da ta kira ta kawai an huta."

Ta dungure mini kai ta ce, "Ke da bakinki kamar na ganga. In kin haifa kya sani. Bakin da ya fi so shi ya fi nauyi." Ta tura toka kan garwashi ta ce, "Ƙurunƙus, na binne ta da gyaɗarku."

To, na haifa, na sani. Ni da Lami aure bai raba mu da nisa ba, turmi ɗaya muka yi ta daka. Da na haifi ɗana na fari, uban Zainabun nan, Lami ce ta saka sunansa a waƙar daka. Yana goye a bayana, ita tana kiransa, tana yi masa kirari, ni ina dukan gero kamar ban ji ba. Haka muka yi har injin niƙa ya zo ya kashe lugude.

Bara waccan ciwo ya kwantar da Lami. Zainabu ta raka ni dubiya, Lami ta ce a kifa mata ƙwarya a ruwa, ta rera waƙoƙinmu da muryar da ta rage mata, yarinyar ta ɗauka a wayata. Ba a gama yankan gero ba Allah ya karɓi abinsa.

Wannan shi ne babban abin da ke cikin memorin wayata. Sauran kiɗan ƙwarya ne da na garaya, da na sa mai tura waƙa a kasuwar Tsanyawa ya zuba mini. Ina son su don ana jin mutum a ciki. Ana jin numfashi, ana jin mai waƙa ta yi tari, ana jin 'yan amshi sun makara an harare su. Waƙoƙin su Zainabu kuwa an bi da muryar ta cikin inji ta fito sumul kamar sauro a gora. Daɗi kam akwai, amma in na leƙa turmin ba na ganin gero. Ban hana ta ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ran wata Juma'a sai ga ɗan nawa daga Bici, inda yake zaune da iyalinsa. Ya gaishe ni, ya ciro wani sabon memori a takarda.

Ya ce, "Inna, karatu ne da wa'azi na sa aka cika miki. Kawo wayar in canja. Gurbi ɗaya gare ta, sai an cire wancan."

Na ce, "A cire a kai ina?"

Ya ce, "Inna, mutane suna magana. Shekarunki na carbi ne. A ce ƙwarya na tashi daga ɗakinki kullum la'asar, kuma muryar wadda ba ta ma sallah?"

Na ce, "Su mutanen, akwai wanda ya taɓa rama mini sallar asuba? Carbina ya gaya musu ya yi ƙura? Wadda ba ta sallar ce ta riƙe ni ranar da kake ƙin fitowa duniya. Zauna."

Ya miƙo hannu dai, yana cewa don Allah. Na sa wayar a ƙarƙashin cinyata, na ce Zainabu ta zo ta kunna ta Lami. Ƙwarya ta fara. Muryar ta fito a tsage, tana rawa, ta yi tari, ta koma. Sai ta kira sunansa ɓaro-ɓaro, na yanka, ta ce ɗan Hauwa mai kuka kamar ɗan akuya, mai cin ƙasa in an juya baya. Kar ki rubuta sunan, Zainabu, ke ma na ubanki ne.

Ban dube shi ba. Bango na duba na ce, "Zainabu, gaya wa ubanki, tun ranar da aka raɗa masa suna bakin nan bai taɓa furta shi ba. Yana zaton ba ya yi mini ƙaiƙayi? Lami ce bakina. Kullum la'asar ita ke kira mini shi, in ji sanyi. In ya cire ta, ya kawo mini wanda zai kira."

Gemunsa da furfura, ya zauna yana kallon tabarma har waƙar ta ƙare. Bai ce na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Ya mayar da memorinsa aljihu, ya ce zai wuce masallaci. Da kasuwa ta zagayo sai ga aike daga wurinsa, ƙaramar rediyo mai cin memori, da karatun a ciki. Ina kunna ta da asuba, kuma ina jin daɗinta. La'asar kuwa tawa ce.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Iya gargaɗi ce ga mai yawon yamma. Da na haihu na ɗauka ta uwa ce da nauyin bakinta. Yanzu da na tsufa na ga ashe ni ce Hansai. Dawa ta fi kaina, garin ya cika da sauti ta ko'ina, kowa na cewa nasa zan bi. Ni kuwa tsagaggen nan nake bi, don shi ya san sunan mutanena.

Cikin waɗanda suka ci gyaɗar tokar Iya Dije, saura mu uku. Talatu tana Zakirai wurin 'yarta, kunne ya tafi, sai an yi mata ihu. Bawa ƙanen Lami yana nan da sandarsa, ran Lahadi in ya taso daga coci yakan zauna a ƙofar ɗakina in kunna masa yayarsa, ya yi ta share ido yana cewa hayaƙi ne. Sai ni, Hauwa. Lami kam ta riga mu, amma duk mai son ya ji ta ya zo da la'asar. Ya zo da amshinsa, in ba haka ba ya je ya kwana da awaki.