Kwana Biyun Hajiya

Da muka rabu da uwar 'yata, babu zagi babu jifa. A nan ƙasar wajen da muka zo karatu, ita ta zauna a unguwar Danau Kota da yarinyar, ni na koma wani ɗan ɗaki a unguwar Setapak da wari ɗaya na takalmin 'yata a jakata. Lauyan da ta ɗauka ya ce mu rubuta yadda za mu raba riƙon yarinyar, kowa ya sa abin da yake so, kafin a kai kotu.

Ni kuwa Bakano ne, ba a banza na sha ruwan Kano ba. Na rubuta da Hausa: "Duk hutun makaranta yarinya za ta zo ta yi kwana biyu a wurin babanta." Kowane Bahaushe ya san kwana biyunmu ba shi da ƙarshe. Lauya zai ga dare biyu ya wuce, ni kuma in riƙe abata har a koma makaranta. Wallahi har dariya nake yi ni kaɗai a cikin jirgin ƙasa.

Muka haɗu a shagon mamak, masu shayin ƙasar nan, inda muka saba cin gurasarsu ta roti tun muna miji da mata. Ta ajiye wayarta a tsakaninmu.

"Dakta, lauya ya ce mu fara ba AI ta duba, ta fassara masa."

Na amince da yaren garin, na ce, "Boleh, Hajiya." A raina na ce, na'urar da aka haifa jiya ce za ta kama ni?

Ashe 'yar banzar ta iya Hausa. Ta yabi takardar, sannan ta ce akwai matsala: "kwana biyu" na iya zama dare biyu, yana kuma iya zama lokaci mai tsawo, gara a sa adadi. Shayi ya sarƙe ni. Na fara cewa ai waɗannan na'urori ba su san al'ada ba, munafunci kawai suka iya.

Hajiya ba ta yi dariya ba, abin da ya ba ni mamaki. Hannu ta kai za ta ɗauke wayar, na riga ta. Na'urar ta ci gaba da cewa kalmar ta fito sau biyu. Na biyun yana can ƙasa, a ɓangaren Hajiya, wanda ban ko karanta ba saboda ina ta murna da wayona: idan ta gama digirinta, za ta kai yarinya Kano ta yi kwana biyu a wurin kakarta.

Karatuna da saura, kuɗin jirgi kuwa sai dai in gani a waya. Tsoro ya kama ni sosai, ga shi zan rasa 'yata ina zaune da roti a hannu.

Na ce, "Hajiya, don Allah, wannan kwana biyun naki, nawa ne?"

Ta gyara mayafi, ta kira mai shago ya yi mata tapau, wato ya ƙunshe mata sauran rotin ta tafi da shi.

"Irin naka ne, Dakta."