Inuwar da Aka Ajiye wa Yaya Sai-Na-Gani

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, sha biyu ga watan jiya, ɗanki ya kira ni ya ce Allah ya yi miki rasuwa. Na tsaya da wayar a kunne ina kallon titi, motoci na wucewa a hankali kamar a cikin ruwa. Har yau, Yaya, ban gama farkawa ba.

Aikin sa kai ne ya haɗa mu, a kwamitin amintattu na asusun da ke tallafa wa matasan unguwarmu su kama sana'a. Muna zama a wani ɗaki a saman kantin fenti, da fankarsa ɗaya mai kukan tsufa. Ke tsohuwar ungozoma, ni tsohon malamin lissafi mai gajen haƙuri. Matashi zai gama bayani, mu kaure da muhawara, ke kuwa ki gyara mayafi ki ce, "Sai na gani." Da haka sunan ya bi ki. Ba ki huta ba sai da kika mai da shi ƙa'ida: ba a ba da tallafi sai wani amintacce ya je wurin, ya dawo ya ba da shaida da bakinsa.

Ganin naki kuma daban ne. Na taɓa raka ki wurin wani mai son buɗe shagon aski. Ɗaki ne fayau, ko ƙusa babu. Kika ce ya rufe ido, ke ma kika rufe, ya riƙa zagayawa da ke yana nuna kujera nan, madubi can. Har kaucewa kika yi don kada ki taka gashin da ba a aske ba. Na sha dariya ranar, na ce tsufa ya fara taɓa ki. Yanzu a shagon nake aski.

Ta ƙarshe ita ce matashiyar nan mai son rainon dashen itatuwa a bayan garejin makanikai. Fili ne da baƙin mai ya jiƙa, ga tsofaffin tayoyi ko'ina. Mai filin ya ce idan zamanmu na gaba bai amince ba, zai ba masu ajiye motoci. Kwamiti ya rabu, kika ce za ki je. Kin je ranar Talata, amma ba ki dawo mana da shaidar ba.

Wurin gaisuwa na ga matashiyar a rakuɓe, ko maganar tallafi ba ta ɗauko ba. Ni na tambaye ta, "'Yata, me Yaya ta gani?"

Ta share ido ta ce, "Baba, ta ce gwabar ta yi kusa da bango, in matsar. Sai ta zaɓi gindin mangwaron tsakiya, ta ce in ajiye mata benci a nan, wai ita ba ta son rana."

Tun da babu mai shaida, dole wani ya koma, sai na tafi. Na tsaya cikin tayoyi, makanikai na leƙe na, na rufe ido ina jin kunya. Matashiyar ta fara magana a hankali, tana cewa gwaba nan, lemo can. Da fari warin mai kawai nake ji da ƙarar guduma. Can sai gudumar ta yi nisa, iska ta sauya, na ji sanyi a ƙeyata. Gaskiya ban ga gwaba ba, ban ga lemo ba. Ke na gani, Yaya, zaune a kan benci, kin tuɓe takalmi, hasken ganye na yawo a fuskarki. Na daɗe ban yarda na buɗe idon ba.

Da muka zauna aka ce in ba da shaida, abin da na faɗa ke nan. Ba wanda ya yi dariya. Hannaye suka tashi ɗaya bayan ɗaya, filin ya zama nata.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki da jikokinki, da ɗimbin waɗanda suka faɗo duniya a tafin hannunki. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Allah ya jiƙanki, ya yafe kurakuranki, ya haskaka makwancinki. An kai bencin jiya, dashen mangwaron bai kai gwiwata ba tukuna. Allah ya zaunar da ke a inuwar da ba sai an jira ta girma ba. Amin.